MASU YI WA YAƘI GUƊA

Na san kun saba ji na a kan zancen kishiya da uwar miji da saurayin da ya yaudari budurwa. To yau sai ku yi haƙuri da ni, wata magana ce daban ta tsaya mini a maƙogwaro, idan ban fitar da ita ba ba na jin zan samu sukuni.

Abin ya samo asali ne a wani gidan suna da muka je, 'yan makonni bayan yaƙin kwana 12 da aka gwabza tsakanin Isra'ila da Iran a watan Yunin 2025. Muna zaune a ɗakin mai jego, ɗaki cike maƙil, ana jiran a shigo da waina, sai wata baiwar Allah ta zaro waya ta ce kowa ya yi shiru ya ji. Ta kunna mana saƙon murya na wani mutum mai kakkaurar murya, wai sojojin ƙundumbala sun dira cikin Iran da ƙarfe biyun dare, sun kutsa ƙarƙashin dutse, sun kwashe duk yuraniyom ɗin ƙasar sun loda a jirgi mai saukar ungulu, kafin kiran assalatu sun ɓace ko takalmi ba su yar ba. Bai rufe baki ba wata daga can ƙurya ta ce ƙarya ne, ita ma ga nata. A nata saƙon kuma wai an yi wa sojojin kwanton ɓauna an kame su ƙaf kamar kaji, ana ɓoye labarin ne saboda kunya. Nan fa ɗaki ya rabu biyu, wallahi har da mai rangaɗa guɗa, jaririn da aka taru dominsa ya firgita ya tsala ihu.

Na ce, "Don Allah Hajiya, shi mai maganar nan wane ne? A ina ya gani?"

Ta ce, "Oho, turo mini aka yi. Ai irin wannan abu sirri ne, ba za ki ji a rediyo ba." Sai ta ƙara da cewa, "Ke ma dai Anti, ke da kike rubuta littattafai, ai ke ya kamata ki fi kowa jin daɗin labarin."

Wannan magana tata ita ta sa na ɗauki biro. Gaskiya ta faɗa, sana'ata ke nan ƙirƙirar labari, kuma don haka ne nake gane ƙirƙira da na ji ta, kamar yadda mai tuya take gane man da aka gauraya tun daga ƙanshi. Bari in tona muku asirin sana'ar tamu. Idan ina so mai karatu ta yarda da abin da bai faru ba, sai in sa sunan unguwar da ta sani, in faɗi ƙarfe nawa ne, in faɗi launin mayafin, shi ke nan ta hau ta zauna. Amma ni a bangon littafina na rubuta cewa ƙagaggen labari ne. Shi kuwa mai kakkaurar murya bai rubuta komai ba, kuma ya fi ni samun sauƙi, don labarin harin sirri ba ya buƙatar shaida. Idan kin ce ina hujja, a ce miki ai rashin hujjar shi ne hujja, da an gani ai ba sirri ba ne. Ko a zaman kishi mun san irin wannan: "An ce an gan ta," wa ya gan ta? "Ba zan faɗa ba, amana ce." Gidaje nawa wannan amanar ta rusa?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san mene ne ma ake cewa an sace ɗin, don na lura yawancin masu guɗar ba su sani ba. Yuraniyom wani ƙarfe ne da ake haƙowa daga ƙasa, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Yadda yake fitowa, ɓangaren da ke da amfani wajen ba da wuta ko yin bam bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an yi ta tace shi a wasu injina masu juyawa da gudun tsiya, kamar dai yadda kike tankaɗe gari ki sake tankaɗewa har ki fitar da lallausan. Idan an tace zuwa kashi 3 ko 5 ya isa a kunna wutar lantarki. Na bam sai ya kai wajen kashi 90. A yarjejeniyar da Iran ta ƙulla da manyan ƙasashe a 2015 an tsayar mata a kashi 3.67. Shugaba Trump ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar a 2018, Iran ta fara ƙetare iyaka, a 2021 ta kai kashi 60. Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kafin a fara yaƙin Yunin 2025 irin wannan mai kashi 60 ɗin da ke hannun Iran ya kai kusan kilo 440. Ku auna da buhun shinkafa mai kilo 50, buhu 9 ma bai cika ba. Isra'ila ta fara kai hari ran 13 ga Yuni, Amurka ta bi baya ran 22 ta yi ruwan bama-bamai a Fordo da Natanz da Isfahan, aka tsagaita wuta ran 24. Da ƙura ta lafa sai tambaya ta tashi, ina kayan suke? Sun ƙone, ƙasa ta rufta da su, ko an janye su tun kafin a kawo harin? A cikin wannan duhun ne masu shaci-faɗi suka kafa rumfa, har da manyan masu sharhi da ke sa kwat su zauna a talabijin suna zana taswirar yadda za a shiga a ɗauko.

To amma abin ba a buhu yake ba. A cikin wasu tukwane na ƙarfe ake adana shi, kusan irin tukunyar gas, an haɗa shi da wani sinadari wanda idan tukunyar ta fashe ya haɗu da danshin iska sai ya zama guba mai ƙona huhu da fata. Kuma ba a jibga tataccen da yawa wuri guda kamar itacen girki, don yana iya kamawa da kansa ya watsa tururin da ke kisa. Ke da ko tukunyar gas ɗinki ba kya bari almajiri ya gara ta a ƙasa, yaya za a yi ki yarda wasu sun ɗauki wannan a kafaɗa cikin duhu, ana harbinsu, sun fita kafin asuba?

Ga misalin da ya faru da gaske. A 1994, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, an tarar da kusan kilo 600 na tataccen yuraniyom a wata masana'anta a Kazakistan babu tsaron kirki. Amurka ta je ta kwaso shi a asirce, amma da yardar gwamnatin ƙasar, babu mai harbin kowa, masu gida ma suna taya su. Duk da haka sai da ƙwararru kimanin 30 suka shafe kusan wata guda suna sake zuba shi a mazubai sama da 400 kafin a loda a jirgi. Ba ma sai mun je nesa ba. A nan Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike da aka samo daga ƙasar Sin, ya fara aiki a 2004. A cikinsa akwai tataccen yuraniyom kimanin kilo 1 kacal. A 2018 aka cire shi aka mayar wa Sin, aka musanya da wanda ba a iya yin bam da shi. Kilo 1 fa, bai kai nauyin mudun shinkafa ba, amma sai da aka yi shekaru ana shiri, Nijeriya da Sin da Amurka da hukumar duniya duk suka sa hannu. Da yawanmu mun wuce ta Samaru a shekarar nan ba mu san ana yi ba. Wannan shi ne sirrin da ya yi amfani, kuma ku lura da zama aka yi shi da takarda da sa hannu.

Kada a ce na ce ba a taɓa kai harin sirri ba. An kai, kuma ina so mu dubi abin da ya haifa. A watan Yunin 1981 jiragen Isra'ila suka ragargaza injin nukiliyar Iraƙi na Osirak kusa da Bagadaza. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tir da abin, har da Amurka a masu tir ɗin. Saddam ya daina? Ina! Sai ma ya mayar da aikin ƙarƙashin ƙasa ya ƙara masa kuɗi da ma'aikata, ba a gane girman abin ba sai bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991. A 2018 'yan leƙen asirin Isra'ila sun fasa wani sito a Tehran sun kwashe takardun shirin nukiliyar Iran, Firayim Minista Netanyahu ya baje su a talabijin a ƙarshen watan Afrilu. Wannan kam an yi, amma takarda ce da faya-fayai, ba ta ƙona huhun mai ɗauka. A 2020 aka kashe babban masanin nukiliyar Iran Mohsen Fakhrizadeh a kan hanya, a 2021 aka yi wa Natanz zagon ƙasa, kuma 'yan kwanaki bayan wannan zagon ƙasan ne Iran ta sanar da hawa kashi 60. Kun ga ke nan, an doki yaro don ya daina ɓoye abu, ya koyi ɓoyewa da kyau. Su kansu sojojin ƙundumbalar ba aljanu ba ne. A watan Afrilun 1980 Amurka ta tura su cikin dare su kuɓutar da mutanenta da aka yi garkuwa da su a ofishin jakadancinta na Tehran. Guguwar rairayi ta tare su a hamada, jirage suka lalace, aka fasa aikin, wajen juyawa jirgi mai saukar ungulu ya yi karo da jirgin ɗaukar kaya, sojoji 8 suka ƙone. 'Ya'yan wasu mata ne su ma. A fim ɗin Indiya ne kawai jarumi yake shiga gidan bos ya fito ko gashinsa bai hargitse ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda nake so kowace mace ta riƙe, shi ne abin da aka yi da sunan maƙwabtanmu, 'yan uwanmu na Nijar. Waɗanda suke yara a lokacin ba za su tuna ba. Kafin Amurka ta afka wa Iraƙi, sai aka fara yaɗa cewa Saddam ya ƙulla cinikin tan 500 na yuraniyom da Nijar a ɓoye. Har da takardu masu hatimi. Hukumar leƙen asirin Amurka ta tura wani tsohon jakada, Joseph Wilson, ya je Yamai a watan Fabrairun 2002, ya bincika ya koma ya ce da wuya abin ya yiwu, don ma'adinan suna hannun kamfanonin da Faransa ke juya akalarsu, ba a fitar da ko gwangwani ba lissafi. Aka yi kunnen uwar shegu da shi. Ran 28 ga Janairun 2003 Shugaba Bush ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce gwamnatin Ingila ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Da aka miƙa takardun ga hukumar nukiliya ta duniya, ba su sha wata wahala ba suka gano jabu ne. Wata wasiƙa mai kwanan watan shekarar 2000 tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen Nijar wanda ya bar kujerar tun 1989! Ko ni da nake rubutu a kan tabarma da fitilar ƙwai ba zan yi wannan gangancin a littafina ba, masu karatu za su rubuto mini wasiƙa su ci gyarana. Ran 7 ga Maris shugaban hukumar, Muhammad ElBaradei ɗan ƙasar Masar, ya faɗa wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Ran 20 ga Maris aka fara jefa wa Bagadaza bam. Kwana 13 tsakani. Aka birkice ƙasar ciki da bai ba a samu makaman da aka ce ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka mutu, matan da suka zama zawarawan dole da marayun da aka bari Allah kaɗai ya san iyakarsu. Shi kuwa jakadan da ya fito ya faɗi gaskiya a jarida a watan Yuli, sai aka huce a kan matarsa, aka fallasa cewa ma'aikaciyar leƙen asiri ce, aikinta ya lalace. Ko a can ma idan maza sun yi rigima a kan mace ake sauke kwandon.

Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka ne, amma kafin a kai ƙarshen ramin nan an binne mutane da yawa a cikinsa. Shi ya sa nake cewa irin wannan jita-jita ba hira ba ce. Share fage ce. Ana so kunnen duniya ya saba da cewa shiga ƙasar wani cikin dare abu ne mai sauƙi, mai tsabta, kamar cire ƙaya, yadda ranar da za a tashi yi ba wanda zai ce uffan. Idan kuma ƙundumbalar ta ci tura, sai a ce dole a tura ƙarin sojoji su ceto na farko, daga nan sai a tura masu ceto masu ceton. Wadda ta tura saƙon daga ɗakinta a Kano ko Maraɗi ba ta san ta ɗauki tsintsiya ta taya sharar ba.

Na san wata za ta ce to ai ita tana bayan Iran ne, saƙon da ta tura ma na nasarar Iran ne. 'Yar uwa, duk kanwar ja ce. Mai cewa an sace da mai cewa an kame ɓarayin, dukkansu wasa suka mayar da abin, kamar ana kallon ƙwallo. Kuma ni ba zan wanke kowa tas ba. Iran ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya tun 1968, amma ta ɓoye Natanz sai da aka tona a 2002, ta ɓoye Fordo sai da aka tona a 2009, kuma mai neman wutar lantarki ba ya buƙatar kashi 60. Wanda ya yi ɓoye-ɓoye shi ya ba maƙiyinsa bakin magana. To amma su wa ke tuhumar? Isra'ila ba ta taɓa sa hannu a wannan yarjejeniya ba, kuma shekara da shekaru ta ƙi cewa tana da bam ɗin ta ƙi cewa ba ta da shi, alhali duniya ta sani. Amurka kuwa ita ce ta jefa shi a kan mutane, Hiroshima da Nagasaki, a watan Agustan 1945, kan mata masu goyo da yara masu tafiya makaranta. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa yana hango na wani. Ban ga gwanin da zan yi wa guɗa a cikinsu ba.

Akwai kuma mai cewa ina ruwanmu, nesa ce. Nesa? A 2024 kusan kashi 1 cikin 5 na man da duniya ke sha ta mashigin Hormuz yake bi, a bakin ƙofar Iran. Duk ranar da aka yi tari a can, kuɗin mota ya tashi a nan, kuɗin niƙa ya tashi, maigida ya dawo fuska a murtuke ya ajiye kuɗin cefanen da ya ajiye bara, ke ce za ki san yadda za ki yi tukunya ta tafasa. Su masu zaman majalisa a ƙofar gida suna shan shayi suna raba wa sojojin duniya aiki, wannan ya shiga ta nan wancan ya ɓullo ta can, ba su ne za su dubi idon yaro su ce masa babu ƙari ba.

Sa'annan ku yi tunanin idan an fasa ma'ajiyar an watse, kayan suka faɗa hannun da ba a sani ba. A 1987 a birnin Goyaniya na ƙasar Brazil, wasu 'yan jari-bola suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi suka ciro wani ƙarfe daga injin gashin ciwon daji. Ba yuraniyom ba ne, wani sinadari ne mai suna siziyom, amma darasin ɗaya ne. Suka sayar wa mai gwangwan, ya ga garin ciki yana walƙiya shuɗi a duhu, ya kai gida yana nuna wa dangi, wasu har da shafawa a jiki. Mutanen gida suka kama amai da zawo. Matar gidan ce ta fara gane cewa abin nan ne, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai wa jami'an lafiya. Ta ceci gari, amma ita ba ta tsira ba, ta rasu tare da wata yarinya 'yar shekara 6 a danginsu da wasu mutum 2. Sai da aka auna mutum sama da 100,000. Wannan fa ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ke nan, kuma ba a cikin yaƙi ba.

Ranar sunan nan ban iya faɗin duk wannan ba, waina ta shigo hankali ya koma kanta. Da daddare sai ga saƙon ya biyo ni har gida, ƙanwata ce ta turo, ta rubuta a ƙasa, "Yaya kin ji wannan kuwa? Ki tura wa mutum goma." Na kira ta na ce ta tambayi wadda ta turo mata inda ta samo, ita ma ta tambayi ta gabanta, mu ga inda igiyar za ta tsaya. Bayan kwana biyu ta kira ni tana dariya, wai sun bi har mutum biyar, ta biyar ɗin ta ce a wayar mai gyaran injin markaɗensu ta ji, shi kuma da aka tambaye shi ya ce wayar ma ba tasa ba ce, jingina aka ba shi.